Man kitso ɗaya, kawuna uku: amsa ga wata uwa daga Tawa

"Tanti, ina gaishe ki da fatan alheri. Ni matar aure ce a garin Tawa. Ina da ɗiya mai shekara 10, kuma ina riƙon ɗiyar ƙanwata mai shekara 12. Ɗiyata gashinta cike yake, mai ƙarfi, a murɗe. Ita kuwa ɗiyar ƙanwata ta gado gashin dangin ubanta, mai laushi da santsi. Duk mako biyu ina wanke musu kai da sabulun salo, in bari ya bushe sarai, in shafe shi tun daga fata da man shanu haɗe da basilin, sannan a yi musu kitso. Ban taɓa bambanta su ba ko a wannan, ni ma da man nake amfani. Amma gashin ɗiyata kullum a bushe yake, yana karyewa, ba ya ƙara tsawo, kuma ranar tsifa kuka take yi; ɗayar kuwa kanta ya cika da maiƙo da amosani, sai susa take. Ni da nake sa man miƙar da gashi kusan kowane wata, tun shigowar hunturu gashina ke kakkaryewa a ƙeya da gaban goshi. Yanzu ɗiyata ta matsa in sa mata man miƙar da gashi, domin maƙwabta suna cewa ba ta yi sa'ar gashi ba. Wane mai zan saya, kuma in sa mata ko kada in sa?"

Ƴar uwa, na amsa gaisuwarki, Allah Ya saka miki da alheri a kan riƙon ɗiyar ƙanwarki da kuma ƙoƙarin da kike yi na kada ki fifita ɗaya a kan ɗaya. Zan fara da tambayarki ta ƙarshe domin ita ce ta fi gaggawa: kada ki sa wa yarinya mai shekara 10 man miƙar da gashi, ko da ta yi kuka, ko da maƙwabta sun yi ta magana. Game da man da za ki saya kuwa, ban ga dalilin da zai sa ki kashe kuɗi masu yawa ba, domin abin da ke ɓata miki aiki abu biyu ne, kuma duka a hannunki suke. Kina shafa mai bayan ruwa ya riga ya fice daga gashin, sannan kina yi wa kawuna uku awo ɗaya alhali buƙatunsu sun sha bamban.

Silin gashin da ya fito daga fata ba shi da rai, jini ba ya bi ta cikinsa, kuma ba ya iya gyara kansa idan ya lalace. An gina shi da wani nau'in furotin da ake kira keratin, an lulluɓe shi da siririn ɓawo mai hawa-hawa; muddin ɓawon yana kwance, gashin yakan yi sheƙi da santsi, idan kuwa ya ɗaɗɗage sai gashin ya yi kaushi ya riƙa sarƙewa. Ruwan da ke cikin sili daga waje yake zuwa, daga wanka da kuma daga iska. A iska mai matsakaicin danshi, kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin gashi ruwa ne, idan an jiƙa shi sosai kuma yakan sha kusan kashi 30. Shan ruwa yana da amfani ga jiki da fatar kai, balle a zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 a Tawa, sai dai ruwan da aka sha ba ya gangarowa cikin gashin da ya riga ya fito. Ki lura kuma da inda kike zaune. Daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da iskar hunturu ke busowa daga arewa maso gabas, danshin iska a Adar, yankin da Tawa take, yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, kuma iskar nan da ke fasa leɓe da dunduniya ita ce ke zuƙe ɗan ruwan da ke cikin gashi.

Shi kuwa mai, ko man shanu ne ko man kaɗe ko basilin, ba ya ba gashi ruwa. Aikinsa shi ne ya zauna a bayan sili ya rage saurin fitar ruwan da ke ciki, ya kuma sa sili ya zame a kan ɗan uwansa ba tare da gogayya ba. Ɗanyen man shanu yana da ɗan ruwa kaɗan, soyayye ba shi da shi, basilin kuwa daga ɗanyen man fetur ake tace shi, kuma ruwa ba ya ratsa shi. Saboda haka idan kin bari kai ya bushe sarai sannan kika lafta mai, kin rufe tulun da babu ruwa a cikinsa ne, kin kuma tare wa ruwan da zai zo daga baya hanya. Dalilin ke nan da ya sa za ki ga gashi yana ƙyalli a ido, amma da kin taɓa shi ki ji shi a bushe ƙamas.

Ɗiyarki ce ta fi buƙatar haƙuri, don haka zan daɗe a kanta. A tushen kowane sili akwai ƴar jakar da ke fitar da maiƙo na halitta domin ya shafe gashin. A gashin da yake miƙe, maiƙon yakan bi sili ya gangara har ƙarshe cikin ƴan kwanaki. A gashi mai murɗewa sosai irin nata, kowace lanƙwasa tana tare shi, sai tushe ya samu, bakin gashin kuwa, wanda shi ne ya fi tsufa, ya zauna babu komai. Bayan haka, silin irin wannan gashi ba zagayayye ba ne, ya ɗan baje, kuma wuraren da yake murɗewa sun fi rauni, a nan yake tsinkewa idan mataji ya ja shi a bushe. Gashin da jama'a suke kira mai ƙarfi, a gaskiya ya fi kowane saurin karyewa, kuma ya fi kowane son a bi shi a sannu.

Batun rashin tsawo kuma, ki kwantar da hankalinki, gashin yana fitowa. Gashin ɗan Adam yana ƙaruwa da kimanin santimita 1 a wata, mai murɗewa irin namu yakan ɗan gaza hakan, amma ba ya tsayawa. Abin da yake samu a tushe ne yake rasawa a baki, shi ya sa kike ganin kamar yana nan wuri guda. Ga shi kuma yana tsukewa idan ya bushe har ya ɓoye fiye da rabin tsawonsa. Ranar tsifa mai zuwa ki shimfiɗa farin ƙyalle ki duba abin da ya zubo. Dogon sili mai ɗan farin ƙullutu a tushe zubewa ce ta al'ada, domin kowane mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, kuma wanda ya taru a cikin kitso na mako biyu ranar tsifa yake fitowa gaba ɗaya. Guntaye marasa farin tushe su ne karyewa, kuma su muke so mu rage.

Gyaran yana farawa ne daga wankin kai. Sabulun salo yana fitar da datti, ban musa ba, amma da toka ake yin sa, kuma sabulu irin wannan yana kai 9 zuwa 10 a ma'aunin pH (ma'aunin da ke nuna tsamin abu ko kaifinsa irin na toka da kanwa, lamba tana hawa kaifi yana ƙaruwa), alhali gashi da fatar kai sun fi zama lafiya tsakanin 4.5 da 5.5. Wannan kaifi yana ɗaga ɓawon sili ya bar shi a buɗe. Idan ruwan da kike wanki da shi mai nauyi ne, matsalar ta ninka. Yankin Tawa yana da dutsen farar ƙasa, shi ne ma ake yin siminti da shi a Malbaza, kuma ruwan da ya ratsa irin wannan dutse yakan ɗauko sinadarin kalsiyam, wanda idan ya haɗu da sabulu yake barin wani farin saura manne a jikin gashi. Idan kina ganin fari-fari a ƙasan butar shayi ko tukunyar da kike tafasa ruwa, kuma sabulu ba ya saurin kumfa, to ruwanki na wannan irin ne. Ki samu shamfu mai sauƙi ki sa kaɗan a fatar kai, ki cuɗa da cikin yatsu ban da farce, kumfar da ta gangaro ta ishi sauran gashin. In kuwa sabulun salo ne kawai ke hannunki, ki narkar da kaɗan a ruwa mai yawa, bayan kin ɗauraye kuma ki zuba mata lita 1 ta ruwa da aka sa wa babban cokali 1 na ruwan lemun tsami, kina kiyaye idanunta, sannan ki sake ɗaurayewa.

Matakin da babu shi a cikin wasiƙarki, kuma shi zai kawo ƙarshen kukan, shi ne sa wa gashin abin da zai ba shi santsi kafin mataji ya taɓa shi. Kwandishana da ake sawa bayan shamfu aikinsa ke nan, yana kwantar da ɓawon sili. Idan babu shi, karkashin da muke miya da shi ya wadatar, kakanninmu sun daɗe suna wanke kai da shi, kuma shi ne matan Chadi suke kira ambunu har ya shiga kasuwannin duniya. Ki jiƙa busasshen ganyen a ruwan ɗumi na minti 15 zuwa 20, ki tace, ki zuba yauƙin a kai. Ki raba gashin kashi huɗu ko shida, ki warware kowane kashi da yatsu tukuna, sannan ki bi da mataji mai manyan haƙora, kina farawa daga baki kina hawa zuwa tushe, ɗaya hannun yana riƙe da gashin kada jan ya kai ga fata. Gashi mai murɗewa a jiƙe yake miƙa wuya, don haka ko ranar tsifa ki ɗan fesa wa kitson ruwa kafin ki sa tsinke.

Bayan ɗauraya, ki matse ruwan da ƙyalle mai laushi ba tare da gogawa ba, kuma tun gashin yana da sanyin ruwa ki narkar da man kaɗe kaɗan a tafin hannu ki bi kowane kashi da shi, ki fi ba baki ƙarfi, ki bar fata. A yi kitson a ranar. Basilin ki ajiye shi sai ɗan abin da za ki dangwala a bakin kitso idan hunturu ya yi tsanani, domin shi da man shanu suna kama ƙurar da iska ke ɗaukowa, su daskare a kai har sai an sa sabulu mai kaifi kafin su fita, a koma gidan jiya. Man kwakwa yana da wani amfani na daban: a 2003 wasu masu bincike a Indiya sun gwada shi tare da man da ake tacewa daga fetur da man furen rana, suka ga shi kaɗai ke shiga cikin sili ya rage asarar furotin lokacin wanki. Saboda haka wurinsa shi ne daren da za a wanke kai da safe. Sai dai yana daskarewa idan yanayi ya sauka ƙasa da digiri 24, don haka in kin ga yana sa gashinta tauri a watan Janairu, ki dakatar da shi sai bazara.

Mako biyu ya yi wa irin wannan gashi nisa ya zauna ba ruwa. Duk bayan kwana biyu ko uku a lokacin hunturu ki fesa wa kitson ruwa kaɗan, yadda zai yi danshi ba tare da ya jiƙe sharkaf ba, ki bi da ɗan mai. Da dare ta ɗaura ɗankwali mai santsi, domin auduga tana shanye mai da danshi kuma tana gogar gashi. Ki kuma yi wa mai kitso magana cikin mutunci ta sassauta hannu: kitson da ya fito da ƙuraje a gaban goshi, ko ya hana yarinya barci, ya yi tsauri, kuma idan aka daɗe a haka gashin wurin yana iya tafiya ba dawowa.

Za ki ci karo a intanet da lambobi irin su 4A da 4C. Asalinsu wani tsari ne da wani mai gyaran gashi Ba'amurke, Andre Walker, ya fitar a shekarun 1990, ya kasa gashi gida huɗu daga miƙaƙƙe zuwa mai tsananin murɗewa. Tsarin yana bayyana siffa, amma ba ya gaya miki abin da ya fi muhimmanci, wato yadda gashin ke karɓar ruwa da yadda yake riƙe shi. Wannan da idonki za ki gane. Idan kin zuba ruwa ya tsaya ɗigo-ɗigo a saman gashin, ya daɗe bai jiƙe ba, ya kuma daɗe bai bushe ba, ɓawonsa a rufe yake. Irin wannan yana son ruwan ɗumi da mai mara nauyi, mai kauri a samansa kawai zai zauna. Idan kuwa ya jiƙe nan take ya bushe nan take, ɓawonsa a buɗe yake, shi ne ke son kwandishana a kai a kai da mai mai kauri. Gwajin jefa sili a kofin ruwa da ake yaɗawa ba abin dogaro ba ne, domin duk silin da ke da maiƙo zai yi iyo.

Ɗiyar ƙanwarki kusan akasin haka take. Maiƙon kanta yana gangarowa ba tare da wani cikas ba, ga shi tana shekarun da jiki ke ƙara fitar da shi saboda gabatowar balaga, sai kuma aka ƙara mata man shanu da basilin tun daga fata. Mutane da yawa suna ɗauka amosani alamar bushewar kai ce, su ƙara mai, alhali yawancinsa yana da alaƙa da wata ƙwayar naman gwari mai suna Malassezia da ke zaune a fatar kowa, kuma maiƙo ne abincinsa. Ki daina sa mata mai a fata gaba ɗaya. A wanke mata kai sau ɗaya ko sau biyu a mako, ko da hakan zai sa a riƙa yi mata manyan kitso masu sauƙin tsifa. A faramasi akwai shamfu mai ɗauke da ketokonazol, maganin da ke kashe wannan ƙwayar. Akan bar kumfarsa a fatar kai minti 3 zuwa 5 kafin a ɗauraye, sau biyu a mako na tsawon mako biyu zuwa huɗu, amma ki faɗa wa mai faramasi shekarunta kafin ki saya. Bakin gashinta kaɗai ke buƙatar mai, ɗigo biyu ko uku na man riɗi ko man aduwa sun isa. Ita kuma, saɓanin ɗiyarki, a bar gashinta ya sha iska ya kusa bushewa kafin a taje, domin gashi mai laushi a jiƙe yana talewa ya tsinke.

Ki duba kan nata da kyau a cikin haske. Idan kin ga wuri zagayayye da gashi ya guntule, da ɓawo-ɓawo ko ƙuraje masu ruwa, wannan makero ne, yana yaɗuwa tsakanin yara ta mataji da ɗankwali da matashin kai, kuma shafe-shafe ba ya warkar da shi sai likita ya rubuta maganin sha na makonni. Ko babu makero, kowace ta samu matajinta.

Sai ke. Man miƙar da gashi sinadari ne mai tsananin kaifi, yana kai 12 zuwa 14 a ma'aunin pH, kuma yadda yake aiki shi ne ya karya ɗaurin da ke riƙe da keratin a cikin sili, ɗaurin da ba ya komawa yadda yake. Gashin da aka miƙar ya yi laushi a hannu amma ya rasa ƙarfi, ɓawonsa a buɗe yake, yana shan ruwa da sauri yana sakinsa da sauri. Nau'in da ake tallatawa da cewa ya fi sauƙi a fata, wanda ake haɗa ruwa da kirim kafin a sa, yakan bar kalsiyam a jikin gashi ya ƙara masa bushewa. Sa shi kowane wata ya yi yawa ƙwarai. A wata ɗaya santimita 1 kawai ya fito, babu hannun da zai iya shafa wa wannan ɗan wuri ba tare da ya hau kan wanda aka riga aka miƙar ba, kuma gashin da ya sha sinadarin sau biyu ko uku shi ne kike tsinta a matashin kai. Tazarar da masana fata ke ba da shawara ita ce mako 8 zuwa 12, a sabon tsiro kaɗai. Ni dai shawarata ki dakata gaba ɗaya na wata uku, ki datse bakin da ya riga ya tsattsage tun da ba ya haɗewa, ki riƙa sa kwandishana mai kauri kowane mako ki rufe da leda na minti 20 kafin ki ɗauraye, ki kuma nisanci ƙarfen miƙar da gashi da iskar busarwa mai zafi. Wurin da sabon gashi ya haɗu da miƙaƙƙe shi ne mafi rauni, a nan za ki fi sassauta hannu. Lalle ma ki jinkirta shi, yana ƙara wa sili kauri amma yana iya sa busasshen gashi tauri.

Akwai wani abu da ya shafi matan aure wanda ba a cika faɗa ba. Wankan tsarki yana sa a jiƙa kai akai-akai, da yawanmu kuma mukan ɗaura ɗankwali mu ɗora hijabi tun kai yana jiƙe, mu wuni a haka. Yawan kumbura da bushewa yana gajiyar da gashin da aka miƙar, danshin da aka kulle kuma yana kawo ƙaiƙayi da wari, yayin da ƙullin ɗankwali ke cin ƙeya da gaban goshi, wato daidai wuraren da kika ambata. A hadisin Ummu Salama da ke cikin Sahihu Muslim, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa mata ba sai ta tsefe kitsonta ba domin wankan janaba, ya ishe ta ta zuba ruwa sau uku a kanta. Abin nema shi ne ruwa ya kai ga fata, wanda wani dalili ne na barin laftar basilin da kitso mai tsauri. Bayan wanka ki matse ruwan, ki shafa ɗan mai, ki bar kan a buɗe a cikin ɗaki har ya sha iska, ki kuma riƙa sauya wurin da kike ƙulla ɗankwali. Idan kuwa abin da ke zuba daga kanki dogaye ne masu farin tushe, kuma suna da yawa, to daga ciki ne: hakan yana faruwa wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa ko zazzaɓi mai tsanani, ko saboda ƙarancin jini, ko ciwon maƙoƙo. Wannan aikin likita ne da gwajin jini, babu man da zai gyara shi.

Dalilin da ya sa na hana ki sa wa ɗiyarki ya fito fili ke nan. Gashin da yake karyewa saboda bushewa, man miƙarwa ƙara masa rauni zai yi, fatar kan yaro ta fi ta babba saurin ƙonewa, kuma da an fara an shiga hidimar da ba ta ƙarewa. A 2022 wani babban bincike da Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka gudanar a kan mata fiye da 33,000 ya nuna cewa waɗanda ke amfani da man miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara sun fi waɗanda ba sa amfani da shi kamuwa da sankarar mahaifa da fiye da ninki biyu. Binciken ya nuna alaƙa ne, bai tabbatar da cewa man ne sanadi ba, kuma cutar ba ta da yawa, amma ya isa ya sa uwa ta yi taka-tsantsan da yarinyar da jikinta bai gama ginuwa ba, ya kuma sa ke kanki ki sake tunani.

Abin da ya fi taɓa ni a wasiƙarki shi ne maganar maƙwabta. Yarinyar da take jin zafi duk ranar tsifa, take ganin ƴar uwarta ana taje mata cikin minti kaɗan, sannan ta ji manya suna cewa ba ta yi sa'a ba, dole ta ɗauka akwai aibi a halittarta. Duk wadda ta sake faɗar haka a gabanta, ki ba ta amsa a gaban yarinyar, cikin ladabi, cewa gashin ɗiyarki cikakke ne kuma kowane kitso yana zama a kansa, abin da gaskiya ne, domin irin nata ne ke riƙe shuku da zane da kitson zare yadda mai santsi ba zai iya ba. Ki zaunar da su biyun ki bayyana musu dalilin da ya sa daga yau ɗaya za a ƙara mata ruwa da mai, ɗaya a rage mata mai a ƙara mata wanki, don kada ɗiyar ƙanwarki ta ga an ɗauke mata man shanu ta zaci an rage mata gata. Ki ba ɗiyarki ƴar kwalbar fesa ruwa ta zama tata, ta koyi kula da kanta da hannunta.

Sauƙin tsifa za ki gan shi tun daga wankin farko ko na biyu, raguwar guntayen da ke zuba cikin wata guda, tsawo kuwa sai bayan wata uku zuwa shida. Idan damina ta sauka a Yuni ko Yuli, danshin iska ya ƙaru har ya haura kashi 60 a Agusta, ki rage man kaɗe da yawan fesa ruwa, ki tabbata kitso yana bushewa kafin a ɗaura ɗankwali; lokacin ne kuma mayukan da ke da gilisarin suka fi amfani, domin daga iska yake jawo danshi, a hunturu kuwa ba ya samun abin jawowa. Amosanin ɗiyar ƙanwarki idan ya wuce wata guda bai lafa ba duk da shamfun, ko fatar ta yi ja tana ruwa, ki kai ta asibiti a duba ta. Allah Ya raya miki su, Ya ƙara muku lafiya.